Barikin Samanja Chari a Bakin Kwara

Duk wanda ya saba bin hanyar Abuja zuwa Lokoja ya san daga Abaji iska ke sauya hali. Mun baro Zariya cikin hunturu, kowa da rigar sanyi, amma kafin mu kai Kotonkarfe duk an tuɓe an cusa ƙarƙashin kujera. Suna za mu. Ƙanwata ce ta haihu, mijinta kofur ne a soja, suna zaune a barikin Lokoja, ni kuma aka ɗora mini rakiyar gwaggonmu da kayan barka: gero, kanwa, yajin jego, turaren wuta da zannuwan goyo. A Jamata muka hau gadar Murtala, Kwara ta buɗe a ƙarƙashinmu, masu tallan kifi suka yanyame motar tun ba ta gama tsayawa ba. Direba ya nuna mana inda ruwa ya kai a ambaliyar 2022, lokacin da tireloli da tankokin mai suka yi kwanaki jere a hanya har man fetur ya yi wuya a Abuja. Gwaggo ba ta saurare shi ba, cinikin busasshen kifi take yi ta taga.

Sunan da ke rubuce a ƙofar barikin shi ne Chari Maigumeri. Ni malamin tarihi ne a makarantar sakandare, kuma in faɗi gaskiya wannan sunan ya taimaka wajen saurin amsa rakiyar. Barikokin sojanmu iri biyu ne wajen suna. Akwai masu sunan wuraren da aka gwabza: Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Dodan da Arakan da Myohaung a Legas, Letmauk a Ibadan, duk daga ƙasar Bama aka kwaso su, Mogadishu ta Abuja daga Somaliya, Bukavu ta Kano daga Kwango. Akwai kuma masu sunan manyan hafsoshi, irin Maimalari a Maiduguri da Gibson Jalo a Yola. Na Lokoja ya fita daban, domin mai sunan bai taɓa riƙe bataliya ba balle birged. Samanja ne, daga kurtu ya taso.

Ranar suna, bayan an raɗa an yi addu'a an raba goro da dabino, muna zaune a tabarma ƙarƙashin rumfa, na tambayi matasan sojojin da ke kusa ko wane ne Chari Maigumeri. Mijin ƙanwata ya sosa ƙeya ya ce, "Yaya, ina ji wani tsohon janar ne na zamanin Gowon." Wani ya ce ai gwamnan soja ne. Sai wani dattijo da ke gefe, wanda ya shiga soja lokacin yaƙin basasa ya yi ritaya ya zauna nan Lokoja, ya tofar da tuƙar goro ya ce, "Kai, yaran yanzu! Janar ina? Samanja ne. Mu waɗanda suka koya mana fareti 'yan Bama ne, kuma in suka ambaci sunansa sai ka ga sun gyara tsayuwa." Na matsa kusa da shi. Abin da ya riƙe a ka bai da shekaru ko sunayen wurare, amma ƙashin labarin daidai yake da abin da ke rubuce.

Chari ɗan ƙasar Borno ne, kuma bai fara soja a hannun Ingilishi ba. A hannun Jamus ya fara, yana ɗan shekara 16. Wanda bai san yadda aka yanka Borno ba zai yi mamaki. Bayan Faransawa sun kashe Rabe a Kusuri a 1900, sai ƙasar ta rabu uku tsakanin Ingila da Faransa da Jamus. Dikwa, wadda Rabe ya mayar babban birninsa, ta faɗa rabon Jamus cikin Kamaru, Shehu Garbai kuwa ya koma ɓangaren Ingilishi a 1902. Ke nan yaro Babarbare zai iya tashi da safe a ƙasar wani Bature, ya ci kasuwa da rana a ƙasar wani, ba tare da ya ji ya bar gida ba. Inda ake ɗaukar soja ana ba da kaki da albashi, nan ake zuwa.

Washegari na nufi Ganaja na ɗauki jirgin fito zuwa mahaɗar kogunan biyu. Mai jirgin wani Banufe ne mai jin Hausa rangaɗaɗau. Rani ya sa tsibiran rairayi sun fito, mata na wanki a bakinsu, masu su na ɗaga koma. Da muka isa, ya kashe inji ya bar ruwa ya ɗauke mu, ya ce in duba da kyau. Ruwan Kwara da na Binuwai ba launinsu ɗaya ba, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da ɗan layi tsakaninsu kafin su gauraye. Na tsoma hannu a ɓangaren Binuwai. Wannan ruwan ta Garwa ya biyo, ya wuce Yola da Ibi da Makurɗi, kuma Garwa ce ta kawo ni nan, don a can ne yaron ya fara shaƙar hayaƙin yaƙi na gaske.

Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914, Ingilishi suka ɗauka Garwa abin kwana biyu ce. Runduna ta tashi daga Yola ƙarƙashin Laftanar Kanar Maclear a ƙarshen watan Agusta. Sun kama ɗaya daga ganuwowin da dare, gari na wayewa sojojin Jamus suka juyo musu da bindiga mai jigida, aka kashe Maclear da hafsoshinsa da dama, sauran suka koma Yola a warwatse. In an ce sojojin Jamus a nan, kada a zaci Turawa ne jingim. Turawan 'yan ƙalilan ne, kwamandansu Kyaftin von Crailsheim. Masu riƙe da bindigogin cikin ramuka baƙaƙe ne irin Chari, haka ma waɗanda suke harbi. A yaƙin arewacin Kamaru ne Jamusawa suka yaba da jaruntarsa, kuma labarin da sojoji suka riƙe shi ne sun maƙala masa lambarsu ta Iron Cross, yana saurayi ɗanye.

Ingilishi ba su haƙura ba. A 1915 suka dawo ƙarƙashin Kanar Cunliffe, tare da Faransawa, wannan karon da manyan igwa. Ɗaya daga ciki daga jirgin ruwan yaƙi aka ciro ta, aka hau da ita ta Kwara da Binuwai, wato ta nan inda jirginmu ke lilo ta wuce. Garwa tana da ganuwa da waya mai ƙaya da ramuka, amma ba ta da abin da zai kai inda igwar take. Kwana da kwanaki ana yi musu ruwan wuta ba su da ikon ramawa, har wasu sojojin suka fasa suka faɗa Binuwai don tsira, ruwa ya ci da yawa daga cikinsu. Ranar 10 ga Yuni 1915 aka ɗaga farar tuta. Cikin baƙaƙen sojoji ɗari biyu da 'yan kai da aka kama har da Chari. Sauran Kamaru ta bi baya: Yawunde ta faɗi farkon 1916, dutsen Mora, inda Kyaftin von Raben ya turje, ya miƙa wuya a watan Fabrairu.

Na gaya wa mai jirgin wannan, ya yi shiru, can ya ce, "To Malam, shi da aka kama, ba a kashe shi ba?" Na ce a'a, kaki aka sauya masa. Ya yi dariya har ya kusa sakin sitiyarin injin.

Haka kuwa aka yi. A 1917 Chari ya shiga rundunar Najeriya ta Ingilishi, aka tura shi Gabashin Afirka, ƙasar da yanzu ake kira Tanzaniya, ya yaƙi Jamusawan da suka ba shi lamba. Domin in ga abin da wannan yaƙin ya ci, na koma cikin gari wurin dutsen tunawa da mazan jiya. Gini ne na kankare da tsofaffin bindigogi a kai da gefe, an shafe su da fenti, sunaye kuma a jere a jikin allo. Achaɓa da keke napep na ta wucewa, ba mai waiwaye. Na tsaya ina bin sunayen da yatsa. Na Turawa da muƙami da cikakken suna. Namu kuwa yawanci sunan yanka ne da sunan gari, wane Kano, wane Bauci, wane Zariya, domin haka magatakardan bariki ke rubuta kurtu, ba ruwansa da sunan uba. Shi ya sa da wuya iyali su bi sawun kakansu a nan.

Ba harsashi kaɗai ya kashe su ba. Birged ɗin Najeriya, ƙarƙashin Cunliffe ɗin nan dai na Garwa, ta maƙale a kogin Rufiji cikin daminar 1917, hanya ta yanke, abinci ya ƙare, sojoji suka koma tonon saiwa, wasu suka ci mai guba. Zazzaɓi da atuni suka yi nasu. A watan Oktoba kuma aka yi karon Mahiwa, inda kwamandan Jamus a Gabashin Afirka, von Lettow-Vorbeck, ya yi wa birged ɗin mummunar ɓarna. Shi wannan Bajamushen ba a taɓa kama shi ba, sai da labarin ƙarewar yaƙi a Turai ya iske shi sannan ya ajiye makami a ƙarshen Nuwamba 1918. Saurayin da ya fito daga wannan da ransa, bayan ya riga ya fito daga Garwa, ba sauran abin da za a tsorata shi da shi.

Shekarun da suka biyo baya ba su da ƙara, amma a ganina su ne ainihin aikinsa. Ya hau daga igiya zuwa igiya har ya zama babban samanjan bataliya ta 3, tun kafin yaƙi na biyu. Hafsoshin Turawa aro ake yi daga rundunar Ingila, su yi 'yan shekaru su koma, wasu ma sai sun ci jarrabawar Hausa kafin su iya magana da mutanensu, domin Hausa ce harshen bariki ko ga Tibi ko ga Bazabarme. Samanja kuwa yana nan. Shi ne turken da bataliya ke ɗaure a jikinsa. Shi ya san wanda matarsa ta yi yaji, da wanda bashi ya ci, da wanda zai gudu in an ji ƙarar farko. Sojan wancan zamani da jar dara yake fareti, ƙafa ba takalmi, albashinsa wajen sule guda a rana, bulala kuma tana cikin horo. Riƙe mutum ɗaruruwa a kan wannan ba tsawa kaɗai ke yi ba.

Dattijon nan na wurin suna ya ce malamansu sun gaya musu samanjan da ba a yi masa ƙarya, kuma ba ya cin abinci sai yaransa sun ci. Na karɓi wannan a matsayin yadda tsofaffin soja ke son a tuna da nasu.

Da yaƙin Hitila ya zo, Chari ya riga ya manyanta, amma da shi aka tafi. Bataliya ta 1 da ta 2 da ta 3 suka haɗu suka zama birged ta 23, aka kai su Kenya don karawa da Italiya, wadda ta mamaye Habasha tun 1936. Ranar 25 ga Fabrairu 1941 suka shiga Mogadishu. Daga nan suka miƙa arewa cikin motoci, ta Jijiga da mashigin Marda har Harar, tafiyar da ta kai mil dubu cikin wata guda, abin da har yanzu ake ambato cikin tarihin yaƙin. Addis Ababa ta faɗi ranar 6 ga Afrilu, Sarki Haile Selassie ya koma gadonsa ranar 5 ga Mayu. A wannan fagen Chari ya sami Military Medal, lambar jarunta ta Ingila. Ko a lambar ma akwai bambanci: hafsa in ya yi irin wannan bajinta Military Cross ake ba shi, na ƙasa kuwa Medal, kuma Ingila ba ta soke wannan rabon ba sai 1993.

Sai Bama. Runduna biyu aka kwasa daga Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, aka jefa su dazukan Kaladan da Arakan inda mota ba ta shiga. Kaya a ka ake ɗauka, hanya da adda ake sarewa, abinci jirgin sama ke jefowa, ga damina mai watanni, ga matsattsaku, ga Japanawa da ba su san miƙa wuya ba. A Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka karɓe Myohaung. An ambaci sunan Chari cikin rahoton yabo na wannan fage, a 1944 kuma aka ba shi lambar British Empire Medal saboda daɗewa da nagartar aiki. Jamus, Italiya, Japan, da Ingila kanta a farko: ba babbar daular da ta shiga yaƙe-yaƙen nan a wannan ɓangaren duniya da bai tsaya gabanta da bindiga ba.

Da la'asar na hau achaɓa zuwa Kabawa, tsohuwar unguwa a gindin dutsen Patti, inda kaburburan sarakunan da Turawa suka tuɓe suke. Wani yaro ya kai ni, muka ratsa lunguna da kwatoci da awaki. Sarkin Kano Alu, wanda aka kama a 1903, nan ya ƙare a 1926. Sarkin Zazzau Kwasau nan ya rasu, haka Aliyu ɗan Sidi da aka tuɓe a 1920. Ni Bazazzagi ne, don haka na daɗe a tsaye. Na yi musu addu'a, na ba mai kula da wurin abin goro.

A nan ne lissafin ya cakuɗe mini. Rundunar da Chari ya yi wa aiki shekara 36 ita ce wadda Lugga ya kafa a 1897, ita ce ta yi fareti a garin nan ranar 1 ga Janairu 1900 da aka sauke tutar kamfanin Neja, kamfanin Turawa da ke riƙe da yankin, aka ɗaga ta Ingila, ita ce ta fasa ganuwar Kano ta shiga Sakkwato a 1903. Chari bai kai shekarun shiga waɗannan ba, amma kakin ɗaya ne. Garin nan guda yana riƙe da kabarin sarkin da aka kora da kuma sunan sojan da ya yi wa masu korar hidima, tsakaninsu tafiyar 'yan mintoci a achaɓa. Akwai abokan aikina da za su ce ɗan amshin shatan mulkin mallaka ne kawai, ba abin a sa wa bariki sunansa ba. Ban yarda ba. Akwai kuma masu son a mayar da shi ɗan kishin ƙasa, wannan ma ban yarda ba, don babu wata Najeriya mai 'yanci da ya yi wa yaƙi, kuma yaron da ya shiga sojan Jamus bai karanta manufar Kaisa, sarkin Jamus, ba. Abin da yake nasa shi ne tsayuwa inda wasu ke gudu, da fitar da yaran mutane daga daji da ransu. Wannan bai canza ba ko da tuta ta canza. Da na kawo wa dattijon nan wannan magana daga baya, bai ga abin wahalar da kai ba. Ya ce, "Malam, kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne rufin da aka yi masa. Mutumin da ya ga yaƙi a Kamaru da Tanganyika da Somaliya da Habasha da Bama dole ya ƙame ya sara wa ɗan laftanan da ya sauka daga jirgi jiya, don kawai launin fata. Ba a fara ba ɗan Najeriya muƙamin hafsa a rundunar ba sai 1948. Da Chari ya yi ritaya a 1953, aka ba shi kyaftin na girmamawa. A shekarar nan ce kuma wani ɗan lardin Borno, Zakariya Maimalari, ya fito daga makarantar hafsoshi ta Sandhurst da cikakken muƙami. Ƙofar ta buɗe daidai lokacin da tsohon ke fita. A barikin da ke ɗauke da sunansa ne ofishin ajiye bayanan sojojin ƙasa yake, inda takardun kowane kurtu ke kwance, daga ranar ɗauka zuwa ranar sallama.

Daren da za mu taso, muna zaune a kasuwar mami da mijin ƙanwata, ana gasa mana kifi, na ba shi labarin tun daga Garwa. Shi ma yana da ƙananan shekaru ya fito daga Depot ta Zariya, kuma bai daɗe da fitowa ba aka tura shi arewa maso gabas. Ya ce ya yi watanni a yankin Gubio da Magumeri, ya kwana a rami, ya binne abokai, bai taɓa kawo wa ransa cewa sunan garin ne yake wucewa ƙarƙashinsa kullum a ƙofar bariki ba. Yana da lambar Lafiya Dole, tana cikin akwati, sai ranar fareti ake ciro ta a goge. Ya tambaye ni shekarun Chari a Garwa, na faɗa masa, ya girgiza kai ya ce akwai irinsu da yawa a inda ya baro, ba wanda zai ji sunansu.

Sai ya ce, "To Yaya, da ya gama duk wannan, me aka sallame shi da shi?"

Na ce an ba shi kyaftin na girmamawa.

Ya ce, "Na girmamawa. Da albashin kyaftin ko da na samanja?" Bai jira amsa ba, ya duba agogo, ya kira mai kifi ya biya, ya ce shi ke da gadi ƙarfe goma.